Ɗari da Ashirin Bisa Tamanin

Bayan sadakar arba'in ɗin Inna
na saya wa Baffa na'urar awon jini
a wani kanti kusa da Tashar Dukku,
mai ɗamara a dantse, mai kuka kamar ɗan tsako.
Na koya wa Hammadi, ɗan ƙanwata, yadda ake ɗaurawa,
ya ɗauki hoton lambar ya turo mini Gombe
kullum bayan asuba.

Ɗari da ashirin bisa tamanin.
Washegari ɗari da sha takwas.
Nakan duba ina ɗaure igiyar takalmi,
in ce alhamdulillahi, in wuce aiki
zuciyata wasai, kamar wanda ya biya bashi.

Ran Juma'a na kira shi ta bidiyo.
Fuskarsa na tsinkewa tana haɗuwa,
sabis ɗin Dadin Kowa ke nan.
Na ce, Baffa, ya jiki?
Ya ce, ai ka gani a lambar.
Muka yi dariya.
Ni dai na yi.

Wata biyu a haka.

Sai Goggo Daso mai ƙosai ta sa aka kira ni,
ita da ko lamba a waya jikarta ke nemo mata.
Ta ce, Buba, zo ka ga ubanka.
Na ce, Goggo, jininsa daidai yake, yau ma na gani.
Ta yi shiru har na ji mai yana tafasa a kasko.
Ta ce, ni ban san jini ba.
Shekara talatin ƙosai bakwai yake saya,
huɗu nasa, uku nata.
Har yau bakwai yake saya,
ukun kuwa kaji ke tsattsaga da yamma a bayan danga.
Rediyonsa ya daina magana.
Albasarsa a fadama ta isa cira, bai leƙa ba.
Jiya sau biyu ya gaishe ni,
bai san ya riga ya yi ba.

Tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba.
Wannan ne ya fi ƙona ni a mota:
ba ta kai awa ɗaya ba.

A ɗakinta na same shi,
zaune a bakin gado, bai kunna fitila ba,
takalmanta na roba na nan a ƙofa
suna fuskantar waje.
Na'urar na kan taga, tsaf da ita, ba ƙura.
Na ce, Baffa, kana awon kuwa kullum?
Ya ce, ban taɓa fashi ba.
Wani lokacin ma sau uku, in yaron ya tafi makaranta.
Na ce, sau uku? Jiri kake ji?
Ya dubi bango.
Ya ce, a'a.
Abin yana matse hannu ne.
Tun da ta tafi
shi kaɗai ke riƙe ni.

Mu ba mu saba ba.
A gidanmu ɗa ba ya kallon idon uba,
balle ya taɓa shi.
Na zauna, gadon ya yi ƙara,
na sa hannu a dantsensa
daidai inda ɗamarar ta bar shati,
na matse.
Ban ƙirga komai ba.
Can aka kira isha'i a masallacin bakin kasuwa,
ba wanda ya motsa sai da aka tada iƙama.

Da safe ni na je wurin Goggo Daso.
Ba ta tambaye ni ba, ta ƙirga bakwai a takarda,
ta barbaɗa yaji a gefe ɗaya kawai,
yadda Inna ke so.
Baffa ya ci huɗu.
Na ci uku, yaji na sa ni hawaye,
ko dai na ce yaji ne.

Wayata ta yi ƙara a aljihu.
Hammadi ne, daga zaure, ya turo hoton da ya saba.
Ban buɗe ba.
Baffa na neman fartanyarsa a bayan rumbu,
yana tambaya wa ya ɗauke.